Saniyar da Ta Koma Babur

A gidanmu kowa da irin labarin da yake bayarwa kan dalilin sayen babur. Inna, uwar mijina, har ta koma ga Allah tana cewa don gwiwoyinta aka saye shi. Yayan mijina ya ce don gona. Mijina kuwa in aka tambaye shi, sai ya gyara zaman hula ya ce don kare mutuncin iyali da addini. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ni na faɗa wa kowannensu haka, kuma saniyata aka sayar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Miga da Jahun. In an sauka daga titi sai a bi burji, burjin ma can gaba ya gaji ya koma turba. An kawo ni gidan 'yan shekaru bayan Dutse ta zama babban birnin jiha, lokacin da kowane magidanci a garin yake jin gobe za a aiko a kira shi aikin gwamnati. Mijina ba a aiko ba. Da damina yana noma, da rani yana taka keken ɗinki a zaure. Gidan na gandu ne: Inna a ɗakin tsakiya, Yaya da iyalinsa ta gabas, mu ta yamma kusa da rumbu.

Na haifi ɗana na fari, namiji. Ni kuwa daga ruga na fito, inda kunyar ɗan fari ta fi ta ko'ina nauyi. Ba na kiran sunansa. Ba na yi masa wasa. Nono ma sai na juya wa mutane baya, in ba shi kamar wadda aka tilasta. In ya yi tuntuɓe ya faɗi a tsakar gida, sai in ɗaga kai ina duban sama kamar mai lissafin hadari, har sai wata ta zo ta ɗaga shi. In dole ta kama a ambace shi, sai in ce "yaron nan" ko "wancan". Matan gidan suna yaba ni a kan haka. Inna takan ce wa baƙi, "Wannan surukar tawa an yi mata tarbiyya, ko kallon ɗan ba ta yi." Ni kuwa ina kallonsa ta gefen ido har kaina ya yi ciwo.

Inna ce take da shi. Ita ke kiransa mijinta, tana yi masa gori wai ya aure ta ya kasa kawo cefane, ko goro ɗaya bai taɓa sayo mata ba. Shi kuma yana ja mata ɗankwali.

Bai kai ga yaye ba ciwon ya fara zuwa. Damina ce, sauro ya yi yawa, jikinsa ya kwana biyu da zafi. Da hantsi sai ya sanƙare a cinyar Inna, idanu suka juye, hannu da ƙafa suna jijjiga. Aka sa masa cokali a baki, aka kawo garwashi ana hayaƙi, kowace mace da abin da take cewa a yi. Ni ina bakin madafi riƙe da ludayi, tsaye kamar ɗan maƙwabta ne. Ludayin na duma ne. Sai daga baya na ga ya tsage a hannuna.

Duk garin babur ɗaya ne, na wani ɗan acaɓa da yake ajiyewa a gindin darbejiyar bakin masallaci. Aka aika, aka ce ya kai wani kasuwa. Muka zauna jiransa. Ban san tsawon jiran ba, na dai san inuwar rumbu ta tashi daga wani gefe ta koma wani. Da ya dawo, mijina ya rungumi yaron suka tafi asibitin Jahun, ni kuma aka dawo aka ɗauke ni saboda nono. Allah ya sa da sauran kwana. Ranar da za a sallame mu wata malamar asibiti ta dube ni ta ce, "Ke ce uwarsa?"

Na sunkuyar da kai.

"To ko ke wace ce, ki ji. Irin wannan ciwon ba ya son jira. Kuma yana iya dawowa har sai ya yi wayo. Da kun ji jikinsa da zafi ku taho."

Ita ta faɗa ta wuce wurin na gaba. Ni kuwa maganar ta biyo ni gida ta zauna.

Tun daga nan na zama mai gadin ɗan acaɓa ba tare da ya sani ba. Ina daka ina saurare. In na ji ya buga babur ya nufi titi, sai in ture kwanon abinci. In na ji ƙararsa ta dawo, sai in iya cin abinci. Na san ranar da yake zuwa Miga, na san ranar da yake makara a Jahun, na san in fulogi ya fara ba shi wahala tun kafin shi ya yarda. Matarsa ba ta san shige da ficensa kamar ni ba. Bayan yaye yaron ya koma ɗakin Inna gaba ɗaya, na sake haihuwa, mace, wadda ita ba laifi in goya ta in yi mata rawa. Amma duk safiya sai na sami abin da zai kai ni ƙofar Inna, ko aron maburgi ko tambayar inda aka ajiye rariya, don dai in wucewa bayan hannuna ya gogi goshinsa.

Wata rana ina shara a zaure na tsaya na dubi wurin da ke tsakanin keken ɗinki da bango. Daidai babur.

Ina da saniya a garken Baffa mahaifina, fara mai baƙin baki, jikar wadda ya ba ni tun ina cikin tsumma. Ta haifi ɗan maraƙi a shekarar. Su biyun za su sayi babur ɗan Kwatano, in an yi ciniki da kyau. Wannan ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce mace ba ta tashi haka kawai ta sayar da saniya, sai ta faɗi dalili, kuma dalilina shi ne abu ɗaya tak da ba zan iya buɗe baki in faɗa ba. Wace uwa ce za ta zauna gaban surukarta da ubanta ta ce hankalinta yana kan ɗan fari? Gara a ce ta yi sata.

Sai na shiga neman dalilai, kowa da wanda zai shige shi.

Na mijina ya zo da sauƙi, domin lokacin ne aka shiga maganar shari'a. Rediyo ba ta da zance sai shi, wa'azin kasuwa ma haka, kuma malamai sun sa mata masu hawan acaɓa a gaba. Na bari ya ci ya ƙoshi, na ce, "Malam, ka ji abin da ake faɗa kuwa? Wai mace ta hau bayan wani ƙato, ga rami ga gargada."

Ya ce, "Ai ba daidai ba ne."

"Ni ma abin yana damuna. Ranar nan da aka kai ni Jahun, har yau in na tuna sai in ji kunya."

Ƙarya nake yi. Ranar ko bayan kura aka ce in hau, da na hau. Amma na ga yadda ya ajiye cokali, na san magana ta shiga. Kwana kaɗan ya fara kawo hadisai a kan lamarin, kamar shi ya fara tunanin.

Yaya kuwa ba a tsallake shi, domin ƙane ba ya shigo da babur gida wansa yana tafiya a ƙasa ba tare da an nemi bakinsa ba. Ni ba na doguwar magana da shi, don haka na faɗa wa matarsa muna surfe. Na ce abin tausayi, mutum kamar Yaya, ana rabon takin zamani a Miga amma kafin jaki ya isa an tashi. Ban ƙara ba. Kafin la'asar maganar ta isa inda na aike ta.

Inna na same ta tana shafa man zafi a gwiwa. Na ce, "Inna, wannan tafiyar ƙasa da kike yi zuwa titi duk gaisuwar mutuwa, ai ta isa. Ga 'yan'uwanki a Kafin Hausa, rabonki da su tun yaushe."

Ta ce, "Oh ni! Ka ji 'yar albarka. Waɗanda na haifa ba su ga gwiwar nan ba sai ke."

Yaron yana zaune a gefenta yana cin gyaɗa. Ban dube shi ba.

Saura Baffa. Na tafi rugarsu da goyo, na same shi a gindin ƙirya yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai daina tufka ba.

"Saniya za ki sayar ki sayi ƙarfe."

"Babur ne, Baffa."

"Yana haihuwa?"

"A'a."

"Ana tatsarsa?"

"A'a."

"Kashinsa fa, yana gyara gona?"

"Hayaƙi yake yi."

"To me yake ci?"

"Fetur."

"A wane daji yake tsirowa, in kai shi kiwo?"

Ƙannena suna bayan bukka suna dariya. Na ce ai ko don shanun ma. In wata ta kwanta, kafin a je Jahun a sayo magani a ƙasa ta mutu. Ga kanwa, ga dusa, duk sai a ɗauko masa a kai har ruga.

"Shanu kike tausayi," in ji shi. "Madalla." Sannan ya ce, "Mutanen gidan naku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Har ƙananan?"

"Lafiya."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce in Allah ya kai mu ranar kasuwa a zo a kama. Saniyar dai, ko mahauci ne ko dillali ya saye ta, ban tambaya ba, ban so in sani ba. Maraƙin kuwa maƙwabcinmu ne ya saya, wani dattijo mai amalanke, ya ce zai yi kiwonsa ya hore shi.

Babur ya iso ranar wata Alhamis, ja, an ɗaura masa leda a madubi. Wanda ya rako shi daga Dutse ne ya tuƙo, domin mai babur bai iya ba tukuna. Mata suka yi guɗa, Inna ta tofa masa addu'a tun daga fitila har lamba. Mijina ya yi mako yana koyo a filin firamare, yaran gari suna binsa a guje, ya shiga shingen wani ya fito da ƙaya har a gemu. Da ya iya, sai ya zama kullum da safe babur ake fara yi wa wanka kafin kowa. Ni da aka sayo shi don kada in hau bayan ƙato, na fi wata nawa ban hau ba, domin babu inda za ni.

Amma ranar farko da na leƙa zaure na gan shi a tsaye tsakanin keke da bango, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Warin fetur ya fi mini turaren wuta daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Dalilan nan da na rarraba, ashe kowa ya adana nasa. Yaya ya fara: za shi Miga maganar taki, ai dama don haka aka saya. Inna ta tuno da 'yan'uwan da ko sunansu ban taɓa ji ba, wannan ta haihu a Kafin Hausa, wancan ya yi karaya, wata kuma mijinta ya rasu tun bara ba a je ba. Baffa ya aiko ƙanena: kanwa ta ƙare, kuma tunda an ce ƙarfen na tausayin shanu ne, ga wata tana tari. Mijina kuma, tunda ya zama mai kare mutuncin mata, sai maƙwabta suka riƙe shi da maganarsa. Duk wanda matarsa za ta unguwa sai ya zo ya yi sallama, ya ce Malam, ka san halin da ake ciki yanzu, ba dama a ɗora iyali bayan wani, ara mini in kai ta da kaina. Ya zai ce? Shi ya yi wa'azin.

Ba wanda ya taɓa dawo da shi da mai. Lokacin kuwa fetur sai a wurin 'yan bumburutu, a kwalba, an tsuga masa kuɗi, wani sa'in an haɗa da kananzir. Kuɗin ƙuli-ƙulina da na man gyaɗa can suka riƙa tafiya, da faci, da fulogi, da wani abu wai shi cen da kullum yake neman a ɗaure shi. A da saniya ce take ba ni abin sha. Yanzu ni nake ba babur.

In ina tuyar ƙuli ni da kaina nakan zauna shari'a. In ce, ke, kin yi wauta, da yanzu ta sake haihuwa. Sai in ba kaina amsa: to in ta haihu, maraƙin ne zai kai shi Jahun? In ce, ai ga shi babur ɗin ba ya zama. In amsa: ai dai yana kwana a gida. In ce, ciwon ya yi miki alkawarin sai babur yana gida zai zo? Nan amsa take ƙarewa, sai in ƙara wuta. Abin da na fi gani a zaure shi ne tabon baƙin mai a ƙasa, inda babur yake tsayawa in yana nan. Na san fasalin tabon nan kamar tafin hannuna.

Ana haka ɗan acaɓa ya zo yi wa mijina sallama. Ina jinsu ta bayan zana.

"Malam, kun kashe mini kasuwa. Wa zai biya ni alhali ga na kyauta? Ni na koma Jahun."

Suka yi dariya, suka yi musabaha. Ni ban yi dariya ba. A da garin yana da babur ɗaya wanda kuɗi ke tsayar da shi. Yanzu yana da ɗaya wanda ba abin da ke tsayar da shi.

Sau ɗaya na gwada hanawa. Na gogi goshin yaron na ji ɗumi, ga Yaya yana shirin fita. Na ja mijina gefe na ce kada a fita da babur yau.

"Don me?"

Na buɗe baki. Inna tana tsakar gida, matar Yaya tana bakin rijiya.

"Na ga kamar tayar baya ta yi sanyi," na ce.

Ya je ya matsa ta da yatsa, ya ce lallai ina da ido. Aka kawo famfo aka ba ta iska, Yaya ya hau ya tafi, har yana sa mini albarka. Ranar ɗumin bai zama komai ba.

Ranar da ya zama wani abu, damina biyu ke nan da sayen babur. Gero ya fitar da kai, sai ga labari wai ana rabon taki a Dutse. Ko me gero mai kai zai yi da taki, oho, amma Yaya ya ce ko na baɗi ne a karɓo. Su biyu za su, shi da mijina. Da sassafe na je aron rariya, bayan hannuna ya taɓa goshin, na ji kamar murfin tukunya. Na fito na tsaya da tsintsiya ina kallo suna tura babur waje. Dalilin taya na riga na kashe shi. Mijina ya buga, ya tashi bugu ɗaya, abin da bai saba ba.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Rana ba ta kai tsaka ba na ji salatin Inna. Wannan karon ban tsaya a bakin madafi ba, amma abin da ƙafata ta yi shi ne ta kai ni zaure. Na tsaya a kan tabon mai. Daga nan na fita da gudu, ko mayafi babu, sai gindin darbejiya, inda awaki suke kwance a wurin ɗan acaɓa. Mazan gari duk suna gona.

Dattijon nan mai amalanke ne ya dawo ɗaukar wani abu gida, ya gan ni. Bai tambaye ni komai ba, kukan matan gidanmu ya ishe shi. Ya juyo da shanunsa. Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta hau da yaron a cinya, na hau da goyona. Sai da muka bar gari na lura da na hagun: fari, da baƙin baki, da tsagar kunne irin ta garken Baffa. Ya zama bijimi, har da tozo. Ɗan saniyata ne, wanda na sayar don kada in sake jiran kowa.

Sa ba ya sauri don ana sauri. Dattijo yana ta tsawa yana kaɗa sanda, su kuwa suna tafiyarsu ta kullum, kamar taki za su kai gona. A fadama ruwa ya cinye hanya, suka shiga har ciki suka fita. Dattijon ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Nan ko babur ɗin naku ne sai an ɗauke shi a ka." Ina jin don ya sanyaya mini rai ya faɗa.

Bayan fadama jijjigar ta dawo. Idanun suka tafi, leɓen ya canza launi. Inna tana ta addu'a. Ban nemi izini ba. Na sa hannu na ɗauke shi daga cinyarta na rungume, na kira sunansa. Sunan nan da tun ranar da liman ya raɗa shi bai taɓa fita daga bakina ba, wanda ko yanzu ba zan rubuta shi a nan ba. Na kira, na sake kira, da ƙarfi, har tsuntsaye suka tashi daga gonar wani. Na ce masa ni ce, ya dube ni. Na faɗi abubuwa da yawa. Dattijo ya sa wa ƙahon shanunsa ido. Inna ta juya tana kallon gero kamar ba ta taɓa ganin gero ba.

A bakin titi Allah ya kawo wata motar kasuwa, aka matsa mana. A asibiti aka yi masa allura, aka ɗaura ruwa. Wajen la'asar ya buɗe ido, ya dube ni, ni da nake riƙe da shi tun daga fadama, ya ce, "Ina Inna?"

Na miƙa mata shi na koma bakin ƙofa, wurina.

Masu babur sun iso kafin magariba, laka har gwiwa, an gaya musu a gida. Taki kuwa an ce su koma wani makon.

Bayan an sallame mu da kwana ɗaya Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta aika a kira 'ya'yanta. Ina bakin murhu, na ba su baya.

"Ina makullin abin nan?"

Mijina ya miƙa.

"To ku ji. Babur ɗin nan na ƙaramin mijina ne. Tunda ya aure ni bai ajiye komai ba, to ga abin da ya mallaka. Daga yau ba mai fita da shi daga faɗuwar ruwan farko har a kai amfani gida, sai in shi za a ɗauka. Da rani ma sai na taɓa goshinsa na ce a tafi."

Yaya ya ce, "Inna, takin fa?"

"Jakinka mutuwa ya yi?"

"To ke gwiwar taki? Ai don ke aka..."

"Gwiwata ta kai ni Kafin Hausa tun ba a haife ka ba. Kai kuma," ta juya wajen mijina, "masu kai matansu unguwa ka ce musu makulli yana hannun tsohuwa, kuma tsohuwar ba ta da kirki."

Ta ƙulle makullin a haɓar zaninta, kusa da goronta. Abin da na shekara biyu ina kewaye-kewaye na kasa faɗa, ita ta faɗe shi tana tauna goro, domin kaka ba ta da wannan kunyar. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Sai da yamma, na kai mata ruwan alwala, ta ce a hankali, "Ke kuma muryarki ta cika ƙarfi. A riƙa ragewa."

Na ce, "To, Inna."

Ba mu sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Haka babur ya koma zaman zaure. Duk safiya Inna takan dogara ta je ta girgiza shi, ta kara kunne ta ji ko da mai a tanki. In ta ji shiru, ranar mijina ba shi da sukuni. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, kaji suka fara kwana a ƙarƙashinsa. Ciwon bai sake dawowa ba. Yaron ya yi wayo kamar yadda malamar asibiti ta ce, ya shiga makaranta. Babur ɗin nan bai taɓa kai shi asibiti ba, ko sau ɗaya. Mutanen gari suka ce ba su taɓa ganin asara irin wannan ba, a sayar da saniya a sayi abin da za a ajiye wa kaji. Baffa duk zuwan da zai yi sai ya leƙa zaure ya ce, "Har yanzu bai haihu ba?" Bijimin maƙwabci kuwa kullum sai ya wuce ta ƙofar gidanmu da kaya, ko kallon gidan ba ya yi. Ni dai a shekarun nan na yi ƙiba, har ana tambayata me nake ci.

Da Inna ta ga ƙarfinta ya ƙare, sai ta kwance makullin ta ba mai shi, lokacin ƙafarsa ta fara kaiwa ƙasa. A filin firamare ya koya, kwana biyu, ko shinge bai taɓa ba. Kuma ba ya tafiya a hankali. Na koma gidan jiya: ina daka ina saurare, in ƙarar ta nufi titi in ture kwano, in ta dawo in ci abinci.

Sai dai yanzu ina da abin da ban da shi a da. In ya yi yamma bai dawo ba, ina iya fitowa tsakar gida gaban kowa, in ɗaga murya in ce wa ƙanwarsa ta leƙa waje ta gano mini ko an dawo da babur ɗin nan lafiya. Matar Yaya takan ce ba ta taɓa ganin mace mai son abin hannunta kamata ba. Ni kuwa in ce mata ai dole, saniyata ce.